Bayani Kan Horar da Masu Rubuta Manhaja Don Sarrafa Hanyoyin Sadarwa

Kiran waya ko saƙon da muke aikawa daga ƙauye ba ya isa inda aka nufa sai ya ratsa na'urori masu yawa, tun daga turken sabis har zuwa cibiyar kamfani. Kowace na'ura da nata saitin. A da, injiniya ne ke bin su ɗaya bayan ɗaya yana rubuta musu umarni da hannu, aikin da kan ci kwanaki.

Horon da muke bayani a kai yana koya wa mai rubuta manhaja yadda zai ɗora wa kwamfuta wannan nauyi. Zai bayyana hidimar da ake buƙata sau ɗaya, alal misali haɗa sakatariyar ƙaramar hukuma da hedikwatar jiha ta keɓaɓɓen layi. Manhajar ce za ta mayar da wannan buƙata zuwa umarnin da kowace na'ura ke ganewa, ko da kuwa kamfanoni daban-daban ne suka ƙera su.

Daga cikin fitattun manhajojin wannan fanni akwai NSO ta kamfanin Cisco na Amurka. Asalinta aikin kamfanin Tail-f ne na ƙasar Suwidin, wanda Cisco ya saya a 2014. Ta dogara ne a kan ƙa'idar NETCONF, wadda aka fitar a 2006, da kuma harshen YANG na 2010, wanda da shi ake siffanta hidima. Wannan mataki ba na ɗan koyo ba ne. Sai wanda ya riga ya iya harshen Python kuma ya san aikin na'urorin sadarwa.

Abin da muke ganin ya fi muhimmanci a horon shi ne taka-tsantsan. Ana koya wa ɗalibi ya gwada aikinsa a kan na'urorin kwaikwayo, ya duba abin da zai canza kafin ya aika, sannan ya tsara yadda canjin zai shiga dukkan na'urori, ko kuma a mayar da kowace yadda take idan ɗaya ta ƙi. Dalili kuwa, umarnin da ke gyara na'ura dubu cikin minti guda yana iya lalata su cikin minti guda. A ranar 4 ga Oktoba 2021, wani umarni da aka bayar yayin gyara ya katse hanyoyin sadarwar kamfanin Facebook, manhajar da ya kamata ta tare kuskuren kuma ba ta tare ba. WhatsApp da Instagram da Facebook suka ɗauke kusan awa 6 a duniya baki ɗaya, har da nan gida.

Don haka muna jan hankalin jami'an ƙananan hukumomi da ke tura ma'aikata kwas ko ba da kwangilar sadarwa da su tambaya ko akwai ɗakin gwaji, da kuma yadda ake janye canji idan ya ɓaci. Haka nan a rubuta a cikin yarjejeniya wanda zai riƙe kwafin saitin na'urori bayan ɗan kwangila ya tafi.