Birnin Kano Da Ganuwarsa: Abin Da Ya Wajaba Ma'aikaci Ya Sani

Wata rana wani baƙo ya zo ofis a cikin birni, yana jiran a sa masa hannu a takarda. Da zama ya yi tsawo, sai ya dubi wani saurayin malami, haifaffen birni, ya ce, "Malam, ƙofofin garin nan naku nawa ne?" Saurayi ya shiga ƙirga da yatsu, ya kawo shida, ya tsaya cik. Wani tsohon masinja da ke zaune bakin ƙofa, wanda bai taɓa shiga makarantar boko ba, ya karɓe, ya jero goma sha biyar ba gargada. A gabana aka yi haka, kunyar da ta kama saurayin nan kuwa ta kama ni, domin ni ma da an tambaye ni ba zan kai goma ba. Dalilin wannan rubutu ke nan. Sunan En'e ya kau tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma aikinta bai kau ba, yana hannunku, hakimai da dagatai da masu unguwa da malaman ofis. Wanda bai san garin da ya ke yi wa aiki ba kuwa, yana iya ɓata shi da alƙalaminsa, shi bai ko sani ba.

Mai son sanin Kano sai ya fara daga Dutsen Dala, don nan ne mafarinta. Masu binciken ƙasa sun tono alamun narkar da tama a gindinsa, suka ƙiyasta sun kai tun ƙarni na 7. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara daga Larabci a 1908, ya ba da labarin Barbushe da mutanensa da suka zauna nan suna bautar Tsumburbura, har Bagauda ya zo ya yi sarauta wajen shekarar 999. Shekarun sarakunan farko lissafi ne da aka yi daga tsawon mulkin kowane sarki. Kadan ka hau dutsen da sassafe, kafin ƙura ta tashi, za ka ga Goron Dutse wajen yamma, ka hangi Kasuwar Kurmi, da hasumiyoyin Masallacin Juma'a, da Gidan Rumfa a bayansu. Abin da za ka karanta kwana bakwai, nan sa'a guda ta ishe ka ka gane shi. Gani ya kori ji.

Ganuwa, Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka yi mata ƙofofi takwas, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, sa'an nan a zamanin Muhammadu Nazaki, farkon ƙarni na 17, Wambai Giwa ya sake ƙara mata faɗi wajen yamma. Watau ba aikin sarki guda ba ce, an fi shekara ɗari biyar ana ƙari a kanta. An yi ta da faɗi haka ne da gangan, ta kewaye gidaje da gonaki da kududdufai da duwatsun nan biyu, don in yaƙi ya zo mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu, a yi noma a ciki, maƙiyi ya gaji da zama a waje ya tafi. A da kowace ƙofa tana da sarkin ƙofa, shi ke rufe ta da dare ya buɗe da safe. Duk da haka ganuwa ba ta tsare gari ita kaɗai, sai da mutane a kanta, gama a zamanin Sarki Dadi, ƙarshen ƙarni na 17, Kwararrafa sun shigo ta Ƙofar Gadon Ƙaya, suka yi ɓarna mai yawa.

Ga ƙofofin da tsohon nan ya jero, bi da bi, kamar yadda mai kewaya zai tarad da su: Nasarawa, Sabuwar Ƙofa, Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya, Kabuga, Kansakali, Waika, Dawanau, Ƙofar Ruwa, Mazugal, Wambai, da Ƙofar Mata. Ba duka ne tsararrakin juna ba. Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo na zamanin Turawa ne, sunayensu ma sun faɗi shekarunsu.

In ka shigo ciki, ko ina ka juya sai ka ci karo da aikin Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina gidan sarautar da har yau a ke kira da sunansa. Shi ya kafa Kasuwar Kurmi, ya kuma tsara majalisar da a ke ce wa Tara ta Kano. A zamaninsa Shehu Magili ya sauka Kano, ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Gidan Makama, inda a ke cewa Rumfa ya zauna kafin ya hau gado, yanzu gidan ajiye kayan tarihi ne, ƙofarsa a buɗe ga kowa. Ma'aikata nawa ne ke wucewa ta gabansa safe da yamma, shekara da shekaru, ba su taɓa leƙawa ba?

Sunayen unguwanni su ma littafi ne ga mai kula. Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, malamansu kuwa Madabo ce cibiyarsu. Sharifai mazaunin sharifai ne, zuriyar da a ke dangantawa da Magili. Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Agadasawa, kowace ta faɗi inda mutanenta suka fito. Ayagi unguwar Yarabawa ce tun kafin zuwan jirgin ƙasa. Dandalin Turawa kuwa, kada saurayi ya zaci Ingilishi a ke nufi, Larabawan Tarabulus da Gadamas ne, su a ke kira Turawa a da. To, ga darasi ga mai riƙe da littafin unguwa: birnin nan da baƙi ya cika, ya mai da su 'yan gari. Wanda ya san haka ba ya wulakanta baƙon da ya zo gabansa da takarda, don bai sani ba ko jikokin baƙon nan ne za su ba wata unguwa suna.

Abin da ya jawo baƙin nan ciniki ne da sana'a. Marinar Ƙofar Mata, wadda a ke cewa tun 1498 ta ke, har yau ana turi a cikinta da baba. Bayan jihadi, da sarautar Sarki Alwali ta faɗi, Sulaimanu ya yi sarauta, sa'an nan Ibrahim Dabo daga 1819 zuwa 1846, wanda saboda shi a ke cewa Kano ta Dabo. A zamaninsa Kyaftin Clapperton ya zo, a 1824, ya ƙiyasta mutanen birni dubu 30 zuwa dubu 40, kewayen ganuwa kamar mil 15. Dakta Barth ya zo a 1851, ya ƙiyasta tufafin Kano da a ke kaiwa waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, ana kai su har Murzuk da Tarabulus da Tambutu. Fataken goro kuma, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suna bin hanyar Gwanja wata da watanni. Zare da baba da jaki suka kai sunan garin nan inda dokin yaƙinsa bai taɓa zuwa ba.

Ran 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta iso, Sarki Alu yana wajen Sakkwato. Suka buga igwa, suka shigo ta Ƙofar Kabuga. Gwamna Lugga da ya ga ganuwar ya yi mamakinta ƙwarai, ya rubuta cewa tsawonta ƙafa 30 zuwa 50 ne, kaurinta a gindi ƙafa 40. Daga ran nan aikinta na yaƙi ya ƙare. Aka naɗa Sarki Abbas, a zamaninsa aka kafa Baitulmali, aka yanka wa ma'aikata albashi. Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa a 1909. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, har tulin buhunan da a ke jerawa a da aka sa masa suna dala, don ya yi kama da dutsen. Jirgin sama ya fara sauka a 1925. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953, En'e ta jawo ruwan famfo daga Challawa, ta kawo lantarki, ta riƙe asibitin birni da makarantar Midil, aka kuma sake ginin Masallacin Juma'a. Duk da kuɗin harajin talakawa da jangali aka yi su, ta hannun magabatanku, waɗanda wannan ɗan littafi ke tunawa da su. Su ma sun ƙara nasu tubali a kan na Gijimasu.

Amma fa akwai abin da ya kuɓuce. Ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. A da, in damina ta wuce, sai a yi gayya a gyara inda ruwa ya ci. Da tsoron yaƙi ya kau, gayya ta mutu, ruwa ya yi ta zaizaya shekara bisa shekara. Sa'an nan mutane suka taya ruwa: wannan ya ɗebi ƙasa ya yi tubali, wancan ya zuba shara a ramin, wani ya ja katangar gidansa ya haɗa da ita. Ƙofofi da yawa an rushe tsohon gininsu don faɗaɗa hanya, aka sake su da siminti. A 2007 an shigar da ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta ɗauka a kayan tarihin duniya, amma suna a takarda ba ya tsai da bango. Yau wurare da yawa ba ka ganin kome sai ƙofa tsaye ita kaɗai, ba ganuwa dama, ba ganuwa hagu. Abin da igwar Morland ba ta iya ba, sakaci ya iya.

Ya ku ma'aikata, maganar nan taku ce. Da wuya a yi gini a bakin ganuwa ba da sanin mai unguwa ba, da wuya takardar fili ta fita ba hannun wani malami a kanta. Wanda ya san tudun jan ƙasar nan aikin shekara ɗari tara ne, hannunsa zai yi nauyi kafin ya sa. Wanda bai sani ba kuwa, tudu kawai ya ke gani.

Saboda haka ga shawara, ba ta cin ko kwabo. Kowa ya sami ranar hutu ya hau Dala. Wata ranar ya bi ƙofofin nan da ƙafa, gwargwadon ƙarfinsa, ya dubi abin da ya saura. Wata kuma ya je gaban dattawan unguwarsa, ya gaishe su, ya tambayi asalin sunanta, da rijiyarta, da masallacinta, ya rubuta a littafi ya ajiye a ofis, don dattijo in ya tafi da abin da ke kansa ya ke tafiya. Ya kuma riƙe hannun ɗansa su tafi tare. Mutumin Katsina ko Zariya ko Daura da wannan takarda ta faɗa hannunsa, shi ma ya yi haka a nasa birni, kowa da tasa ganuwa.

Saurayin nan dai ya yi tasa kewayar, bayan mako biyu ya zo ya jero wa tsohon masinja ƙofofi goma sha biyar cif. Tsoho ya yi murmushi, ya ce, "Madalla, Malam, yanzu ka zama ɗan gari." Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Haza wassalam.