Tarihin Waƙa da Zube a Rubutun Hausa



Yau za mu yi magana a kan hanyoyi biyu na tsara zance, wato waƙa da zube.

Zube shi ne magana yadda muke yin ta kullum. Cinikin kasuwa zube ne. Wasiƙa da labari da tatsuniya duk zube ne. Layi yana tafiya har ya kai bakin takarda, ba mai auna tsawonsa.

Ita waƙa awo gare ta. An raba ta baiti baiti. Kowane layi na baiti sunansa ɗango. Wani baiti ɗango biyu ne, wani biyar. Ƙarshen baitoci yakan faɗi a kan sauti ɗaya, shi ake kira amsa-amo. Akwai kuma kari, wato daidaiton gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Kari shi ke sa mai daka ta yi waƙa daidai da saukar taɓarya.

A rubutun Hausa waƙa ce ta fara bunƙasa. Ga dalili. A da masu karatu kaɗan ne, takarda kuma tsada gare ta. Abin da aka rera yana zama a kai, ko ba takarda. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, cikin ƙasar Nijar ta yau, yakan rubuta wa malamai littattafai da Larabci. In yana son talakawa su ji, sai ya yi waƙa, galibi da Fulatanci. Ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mata da ake kira jaji suka haddace su, suka kai su ƙauyuka.

Zube kuwa ya daɗe yana yawo a baki kafin ya zauna a takarda. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ba da dogon labari da Hausa aka buga shi, ɗan ƙasar Damagaram ne. Sunansa Dorugu. An kama shi bawa yana yaro, aka kai shi Barno, daga baya aka ƴanta shi. Ya yi wa wani matafiyi Bajamushe mai suna Barth hidima. A ƙarshen 1852 suka biyo ta Gure, suka iso Damagaram. A 1855 Barth ya tafi da shi Ingila. Can Dorugu ya faɗi labarin rayuwarsa, wani mai wa'azin Kirista, Schön, ya rubuta. Aka buga shi a 1885 cikin littafin Magana Hausa. Dorugu ya rasu a Kano a 1912. Da ba a rubuta zancensa ba, da ya bi shi kabari.

A 1933 aka shirya gasar rubuta labarai a Zariya. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa. Tun daga lokacin zube ya tsaya da ƙafarsa.

To, ƴan uwa, kowanne da aikinsa. Waƙa tana riƙe kanta, domin in kalma ta faɗi, kunne zai ji karin ya karye. Zube ba shi da wannan mai gadi. Daga baki zuwa baki sai ya sauya, jaka goma ta zama jaka ashirin. Don haka bashi da iyakar gona da saƙon ɗan uwa da ke Kano, rubutu ne maganinsu.

Ga aikin wannan sati. Kowa ya tambayi wani tsoho yadda aka kafa garinsu ko unguwarsu. Ya rubuta da zube, layi biyar, ya kawo wa malamin ajinsu.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.