Ciwon barci

Ciwon barci cuta ce da ƙudan tsando ke yaɗawa a ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara. Wata ƙwayar halitta mai suna Trypanosoma brucei ce ke haddasa ta. Nau'in gambiense, wanda ake samu a Yammaci da Tsakiyar Afirka, shi ke kama mafi yawan marasa lafiya, kuma yakan ɗauki watanni ko shekaru yana cin mutum a hankali. Nau'in rhodesiense na Gabashi da Kudancin Afirka ya fi shi saurin kwantar da mutum. Idan ba a yi magani ba, cutar kan kai ga mutuwa. Dangin wannan ƙwaya ne ke kawo sammore a shanu.

Alamomi

A matakin farko ƙwayar na yawo a cikin jini. Mai cutar kan yi fama da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, ƙaiƙayi da kaluluwa a bayan wuya. Da yake alamomin sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, akan jima ba a gane ta ba. A mataki na biyu ƙwayar kan shiga ƙwaƙwalwa, sai halayyar mutum ta sauya, ya riƙa ruɗewa, tafiyarsa da maganarsa su taɓu, barcinsa kuma ya rikice.

Yadda take rikita barci

Barcin mai lafiya yana da matakai. Akwai matakai 3 da ke farawa daga gyangyaɗi zuwa barci mai nauyi, sannan matakin da ido ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsa, wanda a taƙaice ake kira REM, kuma a cikinsa ake yin yawancin mafarkai. Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman ne suka gano matakin REM a Jami'ar Chicago ta Amurka a 1953. Zagaye ɗaya na waɗannan matakai kan ɗauki kimanin minti 90, kuma mai lafiya ba ya shiga REM sai ya bi ta matakan farko.

Likitan Faransa Alain Buguet da abokan aikinsa sun auna motsin ƙwaƙwalwar masu ciwon barci dare da rana a Kwaddibuwa da Kwango a shekarun 1990. Sun gano cewa yawan barcinsu a cikin sa'o'i 24 bai zarce na sauran mutane sosai ba. Abin da ya lalace shi ne tsarinsa: barcin kan rarrabu guntu-guntu, ya ɗauke mutum da rana tsaka, da dare kuma ido ya bushe. Haka kuma sukan faɗa matakin REM da zarar barci ya ɗauke su, kamar yadda ake gani a cutar nakolefsi. A 2018 wani bincike da Filipa Rijo-Ferreira da abokan aikinta suka yi a kan ɓeraye ya nuna cewa ƙwayar na gaggauta agogon jiki, wato tsarin da ke daidaita lokacin barci, farkawa da zafin jiki.

Tarihi

A 1901 likita Robert Forde ya ga ƙwayar a jinin wani mara lafiya a Gambiya, a 1902 kuma Joseph Dutton ya ba ta suna. A 1903 binciken David Bruce a Uganda ya danganta cutar da cizon ƙudan tsando.

A Arewacin Najeriya cutar ta zama annoba daga ƙarshen shekarun 1920. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sashe na musamman domin yaƙar ta, ma'aikatansa suna bin ƙauyuka suna taɓa wuyan mutane domin neman kaluluwa. Tsakanin 1931 da 1940 an duba mutum sama da miliyan 3, aka sami kusan 400,000 ɗauke da cutar. Lardin Zariya na cikin wuraren da abin ya fi muni, domin tsando na zama a kurmin bakin rafuka, inda jama'a ke ɗibar ruwa, wanka da wanki.

Shirin Anchau

A ƙarshen shekarun 1930 aka fara wani shiri a ƙasar Anchau, wadda yanzu take Ƙaramar Hukumar Kubau ta Jihar Kaduna. Masanin ƙwari T. A. M. Nash na cikin jagororinsa. An sare kurmin bakin rafuka a yanki mai faɗin kimanin murabba'in mil 700, an haƙa rijiyoyi domin rage zuwa rafi, sannan an tayar da kimanin mutum 5,000 daga ƙananan ƙauyuka aka zaunar da su a sababbin matsugunai. Sabon garin da aka gina kusa da tsohuwar Anchau an sa masa suna Takalafiya. A Kaduna kuma aka kafa cibiyar binciken wannan cuta ta Yammacin Afirka, mai reshe a Vom, wadda daga baya ta zama mallakar Najeriya.

Magani da halin da ake ciki

Babu allurar rigakafin ciwon barci. Shekaru da yawa maganin mataki na biyu shi ne melarsoprol, mai ɗauke da sinadarin asenik, wanda kan kashe kimanin mutum 5 cikin 100 da aka yi wa amfani da shi. A 2009 aka fara amfani da haɗin nifurtimox da eflornithine, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da fexinidazole, ƙwayar magani da ake sha kwana 10.

Adadin waɗanda aka tabbatar sun kamu a duniya ya sauko daga kusan 40,000 a 1998 zuwa ƙasa da 1,000 a 2018, mafi yawansu a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. A 2020 Togo ta zama ƙasa ta farko da hukumar ta tabbatar ta kawar da cutar a matsayin barazana ga lafiyar jama'a. A Najeriya, yankin Abraka na Jihar Delta ne wurin da aka fi sani da sauran ɓurɓushinta a shekarun baya-bayan nan.