Tarihin Na'urar Sikada Mai Gadin Wutar Lantarkin Ƙasa

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai injin niƙa a Gwashi, cikin ƙaramar hukumar Bukkuyum ta jihar Zamfara. Cewa ya yi: don Allah wace aba ce Sikada da nake ji ana ambata duk lokacin da wutar ƙasa ta ɗauke gaba ɗaya, kuma yaushe aka fara ta?

To malam, sai ka gyara zama. Wutar da ke bin manyan wayoyi ba gero ba ce, balle a zuba a rumbu a jira bazara. Yadda aka samar da ita haka ake shanye ta nan take. Injunan tashoshi suna tafiya ne da bugu 50 a kowace daƙiƙa. Idan masu ja suka fi ƙarfin abin da ake samarwa, sai bugun ya yi ƙasa, kamar jakin da aka labta wa kaya fiye da ƙima. Inji kuwa ba ya jira ya ƙone, kashe kansa yake yi. Wannan ya mutu, nauyinsa ya koma kan na gaba, shi ma ya mutu. Kafin ka ce kwabo ƙasa ta yi duhu. Saboda haka tilas a sami mai sa ido dare da rana.

An gama dam ɗin Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, Jebba ta biyo a 1985, Shiroro a 1990. Daga Kainji babban layi ya miƙa Birnin Kebbi, daga can wuta ta wuce Sakkwato, har Yamai ta Nijar. Ɗakin da ke lura da wannan duka yana Osogbo, can ƙasar Yarbawa. Yadda aka saba aiki shi ne, ma'aikaci a kowace tasha ya duba mita, ya rubuta a littafi, ya buga waya ya faɗa. Daga Osogbo a ce masa buɗe layi kaza, rufe kaza. To ina amfanin waya ga matsalar da ke gama ɓarna cikin daƙiƙoƙi?

Nan Sikada ta shigo. Ƙasashen Turai da Amurka suka soma haɗa irin wannan aiki da kwamfuta tun wajen shekarun 1960. Ana girka ƙananan na'urori a kowace tasha, su auna wutar, su aika da labari ɗakin lura ba ƙaƙƙautawa. Ma'aikaci na zaune gaban allo yana ganin layin da ya yi zafi, ya latsa maɓalli ya sauke masa kaya daga nisan ɗaruruwan kilomita. Da ita ake kula da famfunan birane da bututun mai ma.

Amma fa ita ma tana da nata ciwon. A Agustan 2003 ƙararrawar gargaɗi ta wani ɗakin lura a jihar Ohio ta daina aiki, mutum wajen miliyan 50 a Amurka da Kanada suka shiga duhu. A Disambar 2015 kuma masu kutse suka shiga kwamfutocin kamfanonin wuta a Yukren, suka kashe wa mutane fiye da 200,000 wuta.

A nan gida an sha gwada girka ta, ba ta game tashoshi duka ba. Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 486 a 2018 don gyaran manyan layuka, har da sabuwar Sikada, aka nuna ta a Abuja a Satumbar 2024. Wata guda bayan nan, a Oktoba, yawancin Arewa ta kwashe fiye da mako ba wuta, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ya biyo ta Makurɗi kuma ya samu matsala. Ka ga ke nan Sikada ido ce da hannu: ba ta ƙara wuta ko ta ƙwai ɗaya, ba ta tayar da turken da aka kayar. A 2025 aikin lura da layin ƙasa ya tashi daga hannun TCN ya koma wata sabuwar hukuma, NISO.

Idan kuwa taransifomar garinku ce ta ƙone, ko waya ta tsinke a hanya, wannan ba maganar Osogbo ba ce. Kamfanin rarraba wuta na Kaduna, mai kula da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, shi za ku kai wa kuka. Da fatan mai tambaya ya gamsu.