Matasa a Zaɓen Fidda Gwani na Shugaban Ƙasa a Amurka

Zaɓen fidda gwani shi ne hanyar da jam'iyyun Amurka ke bi, jiha bayan jiha, wajen tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa. A 1971 aka yi wa kundin tsarin mulki gyara na 26, aka sauko da shekarun jefa ƙuri'a zuwa 18. A jihar Ohio ma ɗan shekara 17 na iya jefa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani, muddin zai cika 18 kafin babban zaɓe.

Sai dai matasa ba sa fitowa kamar dattawa. Duk da haka, sun taimaki Barack Obama ya ci zaɓen fidda gwani na jihar Iowa a 2008. A 2016 da 2020 kuwa, yawancin matasan jam'iyyar Dimokurat Bernie Sanders suka bi, amma Hillary Clinton da Joe Biden suka samu tikiti.