Magungunan Toshe Ƙofofin Kalsiyam da Ciwo Mai Naci

An fi sanin magungunan toshe ƙofofin kalsiyam, irin su amlodifin, da saukar da hawan jini, amma waɗannan ba sa taɓuka abin kirki ga ciwo mai naci. Wanda ya yi fice a nan shi ne zikonotid, mai sunan kasuwa Prialt, da aka kwaikwayo daga dafin wani dodon koɗi na teku. Yana toshe ƙofofin nau'in N a jijiyoyin laka, sai saƙon zafi ya kasa isa ƙwaƙwalwa. Amurka ta amince da shi a 2004. Ba a haɗiyarsa, da ɗan famfo ake tura shi cikin ruwan laka. Yakan jawo jiri da ruɗewa, shi ya sa sai sauran magunguna sun gaza ake komawa gare shi.