Basfa: Tarihin Babur ɗin Italiya da Zamansa a Hannu na Biyu

Masu rubuta tarihin masana'antu sun saba tsayawa a bakin ƙofar kamfani. Su kan faɗi shekarar da aka ƙera abu da yawan da aka sayar, daga nan sai su rufe littafi, sai ka ce inji yana gama rayuwarsa ne ran da ya bar kanti. Alhali kuwa mutane da yawa da suka hau babur ɗin Italiya, a can ƙasarsa da kuma nan ƙasar Hausa, ba sabo suka saya ba. Na hannu suka saya, wanda wani ya riga ya mora, kuma abin da ya dame su shi ne ko zai gyaru in ya lalace. Amsar wannan tambaya tana cikin yadda aka zana babur ɗin tun farko, saboda haka dole a koma Italiya ta shekarar 1945.

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Italiya a rushe. Hanyoyi sun farfashe, gadoji sun karye, mai ya yi tsada, mota kuwa ta fi ƙarfin ma'aikaci. Kamfanin Piaggio, wanda Rinaldo Piaggio ya kafa a 1884 kusa da birnin Janowa, ya fara ne da kayan cikin jirgin ruwa, ya koma ga taragun jirgin ƙasa, sa'an nan ga jiragen sama. Bama-bamai sun ragargaza masana'antarsa ta Pontedera, kuma ƙasar da ta sha kaye a yaƙi ba ta da kasuwar jiragen yaƙi. Ɗansa Enrico Piaggio ya tashi da ma'aikata da ƙarfe da gwanaye, amma ba abin da za su ƙera. Sai ya ɗora wa wani injiniya mai suna Corradino D'Ascanio aikin zana abin hawa mai araha.

Shi D'Ascanio gwanin jirgin sama ne, har ya taɓa ƙera jirgi mai saukar ungulu da ya kafa tarihi a 1930, kuma an san shi da ƙin babur. A ganinsa babur ƙazamin abu ne: sarƙarsa tana fesa wa mahayi baƙin mai, hawansa sai an ɗaga ƙafa an ƙetara, in taya ta yi faci kuwa sai an kwance rabin babur. Wannan ƙiyayya ita ce ta haifi Basfa, domin kowane abu da ya tsana sai da ya nema masa magani. Ya ɗauke inji daga tsakanin ƙafafu, ya mai da shi gefen tayar baya, ya haɗa su kai tsaye ba sarƙa. Ya yi jiki da fallen ƙarfe wanda shi ne ƙashin kansa, kamar jikin jirgin sama, da garkuwa a gaba mai tare laka. Ya riƙe tayar gaba da hannu guda ta gefe ɗaya, irin ƙafar saukar jirgi, don a kwance ta kamar tayar mota. Giya kuma ya kai ta hannun hagu, tare da kuloci, a murɗa ta ba a taka ba. An yi rajistar wannan zane a birnin Fulorans ran 23 ga Afrilu, 1946.

Sunan Vespa, wanda bakin Bahaushe ya mayar Basfa, ma'anarsa da Italiyanci ƙwaron nan ne mai tsukakken ƙugu, ɗan'uwan rina da zanzaro. An ce Enrico Piaggio ne ya raɗa shi da ya ga faɗin bayanta da siririn tsakiyarta, ya kuma ji ƙugin injinta. Abin dariya a nan shi ne, Hausa ma ta ari ƙwaron nan ta siffanta akawu mai cusa riga cikin wando, ta ce ya yi zanzaro. Ashe ƙwaro guda ne ya ba mahayi da abin hawansa suna, kowanne a harshensa.

Basfa ta farko tana da ƙaramin inji mai cc 98. A 1946 ba a ƙera fiye da 2,500 ba, a 1947 aka haye 10,000, kafin 1956 ta ƙare an cika miliyan ɗaya. Biyan kuɗi kaɗan-kaɗan ya taimaka ƙwarai, haka ma majigin nan na Amurka, Roman Holiday, na 1953, inda aka nuna Audrey Hepburn da Gregory Peck suna zaga birnin Rum a kanta. A 1947 kamfanin Innocenti na Milan ya fito da kishiyarta, Lambretta, a 1948 kuma Piaggio ya ƙara wa Basfa taya ta uku da akwatin kaya, ya kira ta Ape, watau ƙudan zuma.

Ba Basfa kaɗai Italiya ta ƙera ba. Akwai Moto Guzzi, da aka kafa a 1921 a Mandello del Lario, mai tambarin gaggafa don tunawa da Giovanni Ravelli, matuƙin jirgin da ya mutu a 1919 kafin shi da abokansa biyu su cika burinsu. Akwai Ducati na Bolonya, wanda ya fara a 1926 da kayan rediyo, bayan yaƙi ya shiga ƙera wani ɗan inji mai cc 48 da ake ɗaura wa keke. Waɗannan sun bi hanyar tsere da gudu, kuma sun yi suna. Amma arzikin da Italiya ta samu shi ne ya kusa kashe su duka. Da Fiat ya fito da ƙaramar motarsa mai lamba 500 a 1957, magidancin da ya fara da Basfa ya ga zai iya sa iyalinsa a inuwa. A wannan shekara Guzzi da Gilera da Mondial suka janye daga babban tseren duniya saboda tsada. Sa'an nan Japan ta iso, Honda ya fito da Super Cub a 1958 da CB750 a 1969, babura masu tashi da wuri, marasa yoyon mai. Innocenti ya daina Lambretta, gwamnatin Indiya ta saye injinan masana'antar a 1972 ta kai su Lucknow. Ducati ya yi ta sauya iyayengiji, daga gwamnati zuwa Cagiva a 1985, har ya faɗa hannun Audi na Jamus a 2012. Guzzi kuwa Piaggio ne ya saye shi a 2004.

Wannan jerin cinikayya yana da ma'ana ga mai babur na hannu, domin duk lokacin da kamfani ya sauya hannu, kayan gyaran tsofaffin samfura su ne kan fara ɓacewa daga kanti. A nan ne hanyar Basfa ta rabu da ta manyan 'yan'uwanta. Injin Ducati, bisa tsarin da Fabio Taglioni ya kawo bayan ya shiga kamfanin a 1954, yana buɗe bawul ya kuma rufe shi da ƙarfe, ba ya dogara ga sifirin. Wannan dabara tana ba inji damar juyawa da sauri matuƙa, amma saita ta sai gwani mai haƙuri da ma'auni. Tun daga samfurin Pantah na ƙarshen shekarun 1970 aka ƙara bel na roba mai juya sandar bawul, wanda a tsofaffin samfura akan sauya duk shekara biyu ko da babur bai yi tafiya ba. In ya tsinke, fistin ya daki bawul, aikin ya zama na kwance inji. Shi ya sa a Turai mai sayen tsohon Ducati ya kan fara neman takardun gyara kafin ya dubi fenti, kuma babur mai araha marar takarda shi ne ya kan fi tsada daga baya.

Tsohuwar Basfa ba ta da bawul irin wannan ko kaɗan. Injinta mai bugu biyu ne, fistin ɗaya, fulogi ɗaya, kafireta ɗaya, fanka tana hura masa iska. A mafi yawan samfura ba shi da rumbun baƙin mai, ana zuba man ne cikin fetur: kashi 5 cikin 100 a samfuran farko, daga baya ya sauko zuwa kashi 2, watau mililita 20 a kowace lita. A nan mafi yawan Basfa ke mutuwa ko rayuwa. Wanda ya yi rowar baƙin mai, fistin zai kama a tsakiyar hanya. Wanda ya zuba fiye da kima, fulogi zai yi baƙi, salansa ta toshe, hayaƙi ya bi shi kamar mai gasa masara. Sauran ciwonta ƙanana ne, wayar kuloci ko ta giya ta tsinke, kuma mahayi mai hankali ba ya rabuwa da safaya a aljihun babur. Tayar gaba da ta baya ɗaya ne, ga ta uku a rataye, kuma bakin ƙarfen taya rabi biyu ne da aka ɗaure da noti, har mutum ya iya sauya tub a gindin bishiya.

Basfa ta sami karɓuwa a Arewacin Nijeriya a hannun malaman makaranta da akawuna da malaman asibiti da na gona, kuma dalilin a fili yake. An zana ta ne yadda mace mai siket ko limamin coci mai doguwar riga zai zauna ƙafafu haɗe, tufa ba ta taɓa inji ba. Abin da ya dace da wannan limami ya dace da mai babbar riga, sai ya tattara ta a cinya ya isa ofis fes. Da hukumar Jerome Udoji ta miƙa rahotonta a 1974, aka ƙara albashi aka biya ariyas, ƙananan ma'aikata da yawa suka sauka daga keke suka hau babur, waɗanda suke kan babur suka nemi mota. Baburan da waɗannan suka saki su ne suka cika kasuwar na hannu. Bayan 1986, da tsarin gyaran tattalin arziki ya karya darajar naira har dala ɗaya ta koma wajen naira huɗu, sabon abu daga Turai ya gagari mai albashi. Tsohuwar Basfa ta zama dukiya, makanikinta ya zama mutumin da ake gaisarwa da girmamawa.

Mai sayen ta a lokacin yana da abubuwan dubawa, kuma ba su sauya ba. Na farko ƙasan inda ake ɗora ƙafa, domin tun da jikin ne ƙashinta, tsatsa a wurin karaya ce, walda kuma ba ta cika mai da ita daidai ba. Sai a tsaya a bayanta a ga ko tayoyin biyu suna kan layi ɗaya, don wadda ta taɓa yin karo ta kan yi tafiyar kaguwa. Sai a tashe ta da sanyin inji, ba bayan dillali ya ɗumama ta ba, a saurara ko tana ƙara gudu da kanta, alamar tana shan iska ta inda robar inji ta mutu. Daga nan a hau a ga ko giya tana zamewa. Sabon fenti kuwa, tsofaffin masu Basfa sun fi tsoronsa da tsohon tabo.

Ba daidai ba ne a yabe ta ba a faɗi aibinta ba. An yi ta ne don titunan birni, tayoyinta inci 8 ko 10 ne kacal, rami yana haɗiye su, yashi yana kwashe su. Nauyin inji yana gefen dama, sabon mahayi sai ya koyi zama da wannan karkata. Birkin gaba na tsofaffin samfura ba abin dogara ba ne. A hanyar ƙauye da damina, babur ɗin Japan mai manyan tayoyi ya fi ta nesa ba kusa ba, kuma da sana'ar acaɓa ta bunƙasa, shi da na Sin da na Indiya ne suka ci kasuwa, don Basfa ba ta dace da ɗaukar fasinja biyu da buhu ba.

Abin da ya tsawaita ranta a wajen Turai, Indiya ce. Tun wajen 1960 kamfanin Bajaj yake ƙera Basfa da izinin Piaggio. Da izinin ya ƙare a 1971 bai daina ba, ya fito da Chetak a 1972 bisa wannan tsari, har mutum ya kan jira shekaru kafin layinsa ya zo. Kamfanin LML na Kanpur kuma ya yi ta ƙera samfurin PX, wanda Piaggio ya fito da shi a 1977. Ta haka fistin da wayoyi da robobi masu araha suka yi ta fitowa daga Indiya, suna shiga tsofaffin baburan da aka ƙera a Pontedera. Ita PX ɗin dokokin hayaƙi na Turai ne suka kawar da ita, daga 2017 ba a ƙara ƙera ta ba, kuma Basfar da ta gaje ta mai bugu huɗu ce, mai sauya giya da kanta.

Ape kuwa ta bi wata hanya ta dawo. Kekunan Bajaj masu ƙafa uku na farko bisa tsarinta aka yi su, aka sa musu kujera da rumfa don fasinja. Jikokinsu ne suka shigo Nijeriya da yawa a farkon shekarun 2000 da sunan Keke NAPEP, Kanawa suka kira su A Daidaita Sahu. Da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a watan Janairu na 2013, su ne suka gaji titunan birnin, kuma a cikinsu akwai waɗanda ke ɗauke da sunan Piaggio da Ape a goshi, ko da yake a masana'antar kamfanin ta Baramati a Indiya aka ƙera su.